Zaren Farko

Duk wanda ya sauka daga jirgin Bunliang a garinmu Sopkan, kafin ya gama hawa matakalar bakin kogi zai tarar da Tongbai tsaye a sama da ɗan allonta. An zana bukka da kifi a jikin allon, da wasu kalmomin falang, wato Turawa, da wani baƙo ya taɓa rubuta mata, waɗanda ita kanta ba ta san me suka ce ba. Ba ta kira, ba ta jan jakar kowa kamar matan sauran masaukai. Tsayuwa kawai take yi, gajeruwar mace mai furfura, har wani ya gaji da cinikin ɗaki ya biyo ta.

Falang kuwa sai a bar su. Ƙattan yara ne masu jakar goyo da ta fi su girma, sun baro gidajen iyayensu masu ruwan zafi a famfo sun zo neman wahala da ƙafarsu. Su shiga daji matsattsaku su sha jininsu, su fito suna murna kamar an yi musu kyauta. Su kwanta a lilon raga tun safe har yamma suna kallon kogin Nam U yana wucewa, kogin da mu muka gaji da gani. Kwana biyu, uku in sun daɗe, sai su saɓa jaka su yi gaba.

A kogo aka haifi Tongbai, zamanin yaƙi da jiragen sama ke zuba wa tsaunukan nan wuta, mutane na noma da duhu suna ɓuya da rana. Har yau kwankon bam biyu ne a ƙofar gidanta, ta shuka albasa a ciki. Ta auri Peng masassaƙin jirgi, suka haifi huɗu, Kamsing kaɗai ya tsaya. Peng ne ya gina bukkar gora ta farko a bakin gaɓa, bayan wani falang ya kwana a barandarsu sauro ya kusa cinye shi. Bukkoki na zama huɗu ciwon hanta ya ɗauke Peng. Kamsing ya tsallaka ƙasar Tailan aikin gidan kaji, ya yi aure can, jikokinta biyu a waya kawai ta san su.

Ranar da Kamsing zai tafi, ita ta ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi. Mutum dai kurwoyi talatin da biyu gare shi, kuma ba su da kamun kai. Tafiya na ruɗa su, tsoro na kora su, zaren ne ke riƙe su a jiki. Bayan tafiyarsa audugar ta ragu a kwando, ba kuma wanda za ta ɗaura wa. Wata safiya ta ga wata baƙuwarta tana hawaye a matakala, ko gida ta tuna oho, sai ta kamo hannunta ta ɗaura mata. Daga nan abin ya bi jikinta. Duk falang ɗin da ya kwana a bukkarta, ranar tafiya sai ta raka shi bakin ruwa ta ɗaura masa, ta yi masa fatan sauka lafiya. Labari ya bazu a wayoyinsu, har wasu tun a jirgi suke tambayar gidan tsohuwa mai zaren sallama.

Maƙwabciyarta Duangta, wadda suka yi rarrafe a kogo ɗaya, ba ta taɓa barin abin ya wuce ba.

"Yaya Tongbai, audugarki ta rasa aikin yi ne? Waɗannan da sun isa gari na gaba almakashi za su sa masa."

"Hannunki aka ɗaure?"

"Ni dai na faɗa. Baƙo raɓa ne."

"To bar ni da raɓata. Ke je ki ji da surukanki, na ji tun safe ana jifa da tukwane."

Duangta na da 'ya'ya shida a gari da jikokin da ba ta iya lissafawa, gidanta kullum kamar kasuwa. Tongbai kuwa in baƙi suka tafi, ita da kyanwa ne, kuma kyanwar ma ta Duangta ce, cin abinci kawai ke kawo ta.

A tsakiyar daminar bara abin ya faru. Kogi ya cika ya yi ja, matakala ta yi gansakuka. Tongbai ta sauka wanke kwandon shinkafa, ƙafa ta zame, ruwa ya yi gaba da ita. Bunliang na gyaran inji a lokacin, shi ya bi ta da jirgi ya kamo ta ta gashi can wajen dutsen kwana. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta amayar da ruwa, ta miƙe, har ta yi masa faɗa don ya bar kwandonta ya tafi.

Amma daga ranar Tongbai ba ta koma daidai ba. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ko daddawar kifi ta sa a baki sai ta ji kamar ruwa. Ta kan ɗauki tsintsiya ta tsaya a tsakar gida ta manta abin da ya fito da ita. A yi mata magana sau biyu kafin ta waigo. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa, kurwarta ɗaya ta firgita ta zauna a ruwa.

Baba Sisuk ya zo ya dube ta. Shi ne mai kiran kurwa a garinmu, ya yi shekaru yana sufi a haikali kafin ya ajiye mayafi ya yi aure.

"Abin mai sauƙi ne," ya ce. "A kamfato ta da komar kamun kifi a inda kika faɗi, a kawo ta gida, a ɗaure. Amma kada a ja lokaci, in ta saba da ruwa ba ta dawowa. Kuma kin san zaren farko na gida ke ɗaura shi. Kira yaronki."

Ta kira shi da rana, lokacin hutunsu. Injina na ƙara a bayansa.

"Inna, kin ji ciwo?"

"Ban ji ba. Kurwata ce ta zauna a ruwa. Baba Sisuk ya ce sai na gida ya ɗaura na farko."

Ta ji ya matsa nesa da ƙarar injinan.

"Inna, in na bar wurin nan mako ɗaya, wani zan tarar a kai. Ki bari ruwa ya ja tukuna. Ko Gwaggo Duangta ta ɗaura miki mana, ai duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne," ta ce, ta ajiye wayar.

Duangta ta zo da kanta ta ce ga hannunta. Tongbai ta ce ta gode, ɗanta na hanya. Duk gari ya san ƙarya ce, aka kuma ƙyale ta, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke cinta shi ne a zauna gaban jama'a, Baba Sisuk ya tambayi wa ke na gida, a rasa mai amsawa, sai maƙwabciya ta taso don tausayi. Ta ga an yi wa wasu tsofaffi haka, ta kuma ga irin kallon da ake musu bayan an watse. Ta gwammace ta zauna da kurwa talatin da ɗaya.

Ana cikin haka wata falang, Doguwa, ta zo. Ba ta jirgi ta zo ba, ta daji ta ɓullo, wani mutumin ƙauyen kan tudu na riƙe da ita yana goye da jakarta. Matsattsaku sun cije ta a ƙafa, ta sosa, wurin ya ruɓe, ƙafar ta kumbura kamar tulu, ga zazzaɓi. Sauran masaukai sun rufe saboda damina. Marit ne sunanta, amma bakin mutanenmu bai juya da shi ba, tun ranar farko ta zama Doguwa.

Tongbai ba ta sa ta a bukka ba, cikin gida ta shimfiɗa mata, inda Kamsing ke kwana a da. Malamin asibiti ya ba da ƙwayoyi, ita kuma ta dafa ganye ta riƙa gasa ƙafar, ta shafe ta da kurkum, ta dama kunun shinkafa ta ba ta a baki. Da zazzaɓin ya sauka, suka fara cin abinci tare a tabarma, kwando ɗaya a tsakani. Doguwa ba ta iya naɗe ƙafa ba, ba ta iya dunƙula shinkafa ba, ranar da ta fara dangwala daddawar kifi kuwa har hawaye ta yi. Tongbai ta yi dariya, irin wadda rabonta da ita tun kafin faɗuwar.

Duk falang Mama suke ce wa Tongbai, kamar sunan shago. Doguwa ce kaɗai ta koyi cewa Inna da harshenmu, ko da yake sai ta karya shi kafin ya fito. Da yamma su zauna a baranda ruwan sama na zuba, Tongbai ta yi ta ba ta labarin kogo, da na Peng, da na 'ya'ya ukun da ke kwance bayan haikali. Doguwa ta gyaɗa kai, ta mayar da nata labarin da yarensu, ta nuna hoton wani farin kare cikin ƙanƙara. Ba mai jin wata. Amma Tongbai ta lura tana cinye rabonta na shinkafa, ko da ba ta jin ɗanɗanonsa, don dai akwai hannu a ɗaya gefen kwandon.

Ƙafa ta warke, Doguwa ba ta tafi ba. Ta share bukkoki, ta ɗebo ruwa, ta koyi shanya gansakukar kogi da muke ci a faifai. Jirgi ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, jakarta na rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Sai wani tunani ya shiga ran Tongbai, ta kore shi ya ƙi koruwa, har ya kai ta gidan Baba Sisuk.

"Baba, wanda ya ci kwandonka wata guda, ya kwana a shimfiɗar ɗanka, baƙo ne ko na gida?"

"Falang ɗin nan kike nufi?"

Ta sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Kurwa ba ta duba fata. Muryar da take ji a gidan ita take bi. In yarinyar ta yarda da ranta, ba don an matsa mata ba, ya yi." Ya duba wata, ya ce jibi da hantsi rana ce mai kyau.

Da Duangta ta ji, sai da ta ajiye taɓaryarta.

"Ni da muka sha nono a kogo ɗaya kin ƙi ni, sai wannan zangarniyar da ba ta iya tsuguno ba? Kai, Yaya, sabo turken wawa!"

"Za ki kamfato min kurwar ko in nemi wata?"

"Wa ya isa ya taɓa komar nan ban da ni? Amma wa zai gaya wa 'yar taki? Bunliang?"

A nan gizo ke saƙa. Bunliang kaɗai ke jin yaren falang a garin, bakinsa kuwa ba ya riƙe ruwa. Ya ji da safe, kafin yamma kowane ƙauye daga nan har gada ya san ɗan Tongbai ya ƙi zuwa, ta koma roƙon baƙi. Tongbai ta ce ita da kanta za ta faɗa, ai sun daɗe suna magana ba da baki ba.

Bayan sun ci abincin yamma ta ɗauko kwandon auduga. Ta zaro zare mafi kyau, wanda ta kaɗa da hannunta, ta ɗora wa Doguwa a tafi. Ta kwantar da kumatu a kan hannu sau biyu, alamar kwana biyu. Ta nuna matakala da kogi, ta nuna inda rana ke tsayawa da hantsi, ta zagaya wuyan hannunta da yatsa. Doguwa ta dubi zaren, ta dube ta, idonta ya ciko. Ta rungume ta har Tongbai ta ji kunya ta ture ta. Ranar Tongbai ta kwanta da sanyin zuciya, tana cewa ashe falang ma sun san abin da ya kamata.

Washegari aka yanka kaza, mata suka naɗe ganyen ayaba suka yi hasumiya a faranti, suka soke furanni, suka rataya zaruruwa a tsinkayen gora. Doguwa na ta kai da kawo, tana wanke kayanta tana shanyawa, tana ɗaukar hoton kowa. Tongbai ta ce wa Duangta, "Kin gani? Har wanki take saboda ranar."

Da hantsin ranar da aka sa ya yi, maza suka zauna a gida tare da Baba Sisuk, mata suka sauka bakin ruwa. Jirgin Bunliang na ɗaure a gefe ana loda buhuna. Duangta ta sa dafaffen ƙwai da dunƙulen shinkafa da ayaba a koma, ta tattare zani ta shiga ruwa daidai inda ƙafa ta zame, tana kamfata tana kira.

"Dawo, kurwar Tongbai, dawo! Kada ki zauna da kifi, kada ki zauna da kaguwa. Ruwa da sanyi, gida da wuta. Ga ƙwai, ga shinkafa. Dawo, mai taurin kai irin mai ke!"

Mata suka amsa, "Ta zo, ta zo!" Aka naɗe komar da zanin Tongbai don kada ta sake sulalewa. Tongbai ta juya za ta hau, sai ta ga Doguwa na saukowa, jakar goyo a bayanta, takalman daji a ƙafarta.

Nan take ta gane. Yarinyar ta ji labarin gidan tun kafin ta zo, kamar sauran. A gidan tsohuwar nan, in an fito da zare tafiya ta zo. An nuna mata zare, an nuna kogi, an nuna lokacin tashin jirgi, me kuma za ta ɗauka? Ta ɗauka an sallame ta cikin mutunci, kazar da furannin da matan nan duk na rakiyarta ne. Ta iso tana murmushi tana hawaye, ta ciro zaren daga aljihun riga, ta mayar wa Tongbai, ta miƙa wuyan hannunta.

Duangta ta matso, ruwa na ɗiga daga zaninta.

"Yaya, gaya mata mana! Kai Bunliang, bakinka da ba ya rufuwa, yau ga ranarsa!"

Bunliang ya sauko daga jirgi yana goge hannu. "Gwaggo, in faɗa mata? Magana ɗaya ce. Zan jira, ko ta bi na gobe."

Tongbai ta san in an faɗa yarinyar za ta ajiye jaka, za ta ba da haƙuri, za ta ɗaura. Ta buɗe baki, sai ta dubi fuskarta. Hawayen na gaske ne, amma idon na kan kogi, can inda ya karya kwana tsakanin tsaunuka, yana ƙyalli irin na Kamsing ranar da ya tafi. Wata guda ba ta ga wannan hasken a fuskar ba. Ashe yarinyar ta daɗe da warkewa, kunya ce ta hana ta ɗaukar jaka.

"Rufe bakinka, Bunliang," ta ce. "Wanda aka tsayar a matakala aka roƙa, kurwa ba ta jin kiransa."

Ta kama hannun Doguwa, ta shafa zaren a kai sau uku, ta ƙulla. Ta yi mata fatan da take yi wa kowa: tsauni ya yi miki ƙasa, ruwa ya yi miki sanyi, ki tarar da uwarki lafiya. Doguwa ta ce "Inna" da karyayyen harshenta, ta shiga jirgi ta zauna kan buhu. Tana ɗaga hannu har suka sha kwana.

A gida jama'a sun cika tabarmi. Aka zaunar da Tongbai gaban faranti, aka buɗe komar a cinyarta, aka ɗora mata ƙwai a tafi. Baba Sisuk ya yi doguwar addu'arsa, kowa na riƙe da gefen faranti ko rigar na gabansa. Da ya gama ya zaro zare ɗaya, ya ɗaga ido. Ba wanda ya gaya masa abin da ya faru a bakin ruwa.

"Wa ke na gida?"

Ba a ji komai ba sai kukan wani jinjiri a baya. Tsohon ya duba ƙofa, ya duba Tongbai, ya fahimta. Ya miƙa zaren ga Duangta.

Duangta ta durƙusa ta tallafi gwiwar hannunta. Sai ta ga Tongbai ta ɗora yatsu biyu na ɗaya hannun a daidai gindin tafi, wurin da zaren farko ke zama.

"Ɗage yatsun," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Wurin da mai shi."

"Mai shi na Tailan, ɗayar na cikin jirgi. Yaya, ni ce a nan. Ɗage."

Tongbai ba ta ɗage ba, ba ta kuma dube ta ba. Duangta ta yi tsaki, ta share ido da kafaɗa, ta ƙulla nata a sama da yatsun. Sauran suka biyo layi, tsofaffi da surukai da jikokin mutane, kowa da fatansa, har farin zare ya kai mata kusan gwiwar hannu. Aka ci kaza, aka zagaya da giyar shinkafa, aka ce ta dawo, lalle ta dawo, aka watse.

Da gidan ya yi shiru ta ɗage yatsun. Sun bar shaida a fatar, don ta danna da ƙarfi. Ta shiga ɗaki ta naɗe shimfiɗar, ta ɗora a kan rufi inda take a da, sannan ta ɗauko kwandon shinkafa ta zauna. Ta buɗe shi ta tura tsakiyar tabarma, ta daɗe tana kallonsa kafin ta jawo shi gabanta.